Me ya sa fiyano ke daɗi a ɗaki, amma ya riƙa ƙugi a wajen biki?

Duk shekara, da zarar hunturu ya kankama a Jos, bukukuwan aure suka haɗu da shirye-shiryen Kirsimeti, sai wata tsohuwar gardama ta farfaɗo a tsakanin makaɗa da masu haɗa sauti. Fiyanon lantarkin da aka gwada jiya a ɗaki, kowa ya yaba, yau an kai shi zauren biki ko majami'a an jona shi da manyan sifiku, sai ƙugi, sai tsagewar sauti, wani lokacin ma shiru kake ji. Makaɗi ya ce mai miksa, wato mai kula da na'urar da ke haɗa sautuka ta daidaita su, shi ne bai san aikinsa ba. Mai miksa ya ce fiyanon jabu ne, ko kuma ya tsufa. Ango da ya biya kuɗin kiɗa ya rasa wanda zai kama. A coci kuwa, sai ka ji kwamiti ya zauna ya yanke shawarar a yi karo-karo a sayo sabo.

A ƙananan situdiyoyin da matasa ke buɗewa a Dilimi, Gangare, Anguwar Rogo, Tudun Wada da Bukuru, gardamar takan ɗauki wani salo. Yaro ya sayo kebul na USB, ya jona fiyano da laftof, ya buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, yana jiran ya ji muryar fiyanonsa ta shiga kwamfuta. Bai ji ba. Washegari ya koma shago da faɗa, wai an sayar masa da kebul marar kyau.

To laifin na wa ne? Abin da na gani a tsawon lokacin da na yi ina zama da masu wannan sana'a shi ne, sau tari fiyanon lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana ɓoye ne a 'yar tazarar da ke tsakanin bayansa da na'urar da aka jona shi da ita, wurin da ba kowa ke leƙawa ba.

Abu uku ke bi ta bayan fiyano

Juya fiyanonka ka dubi bayansa. Ramukan da ke jere a wurin suna kama da juna, amma aikinsu kashi uku ne, kuma ba sa maye gurbin juna.

Akwai ramin da wuta ke shiga, inda aka rubuta DC IN. Akwai ramukan da sauti ke fita, wato OUTPUT ko PHONES. Sannan akwai ramukan da ba wuta ba sauti, umarni kawai ke bi ta cikinsu: MIDI da USB TO HOST. Wannan kashi na uku shi ne wanda ya fi ruɗa mutane, zan dawo kansa. Ragowar ƙananan ramukan, irin na feda da aka rubuta SUSTAIN, da AUX IN inda ake shigar da waƙa daga wayar hannu, da USB TO DEVICE inda ake soka filash mai ɗauke da salon kiɗa da muryoyin ganguna, kowanne da nasa aikin.

Wanda ya riƙe wannan rabe-rabe a kansa ya riga ya yi rabin tafiya. Idan abu ya lalace, tambayar farko ita ce: a wace hanya ce cikin ukun?

Hanyar sauti: daga fiyano zuwa kunnen jama'a

Sautin da ke fita daga fiyano ɗan ƙaramin ƙarfin lantarki ne, yakan kai wajen bolt ɗaya. Na makirfo bai kai ko kusa da haka ba, ana lissafa shi ne da kashi-kashi cikin dubu na bolt ɗaya. Wanda amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ke turawa sifika kuwa yakan kai bolt gommai. Wato mataki uku ne, kuma kowane rami a jikin miksa an yi shi ne don mataki guda. Idan ka tura sautin fiyano cikin ramin makirfo ba tare da an rage masa ƙarfi ba, kamar ka juye tulu ne a cikin kofin shayi, sautin zai fashe. Idan ka jona fiyano kai tsaye da sifikar da ba ta da amfilifaya a cikinta, da ƙyar za ka ji motsi. Abin da ya fi haɗari shi ne a yi kuskuren maido wayar da ta fito daga amfilifaya cikin miksa ko fiyano, wannan kam ƙona kaya ne nan take.

Manyan fiyanoni irin Yamaha PSR-S da PSR-SX, ko Korg Pa, suna da ramuka biyu na fitar sauti, hagu da dama. Na hagun a Yamaha an rubuta masa L/L+R, a wasu kamfanonin L/MONO. Ma'anar rubutun ita ce, idan waya ɗaya gare ka, nan za ka sa ta, fiyanon zai haɗe ɓangarorin biyu ya turo maka su tare. Wanda ya sa waya ɗaya a R kaɗai, rabin sauti yake aikawa, kuma a muryar fiyano ta asali ɓangaren hagu ne ya fi ɗaukar nauyin ƙananan sautuka.

Inda aka fi shan wahala shi ne a ƙananan fiyanoni, irin jerin PSR-E da yawancin ƙananan Casio, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun masu koyo da ƙananan majami'u. Da yawansu rami ɗaya tak gare su, PHONES/OUTPUT, kuma an yi shi ne don abin sauraro na kunne, hagu da dama a rami guda.

Na taɓa ganin yadda wannan ramin ya kusa ɓata wata walima a wani zaure da ke kan titin Bauchi. Saurayi ya zo da ƙaramin fiyanonsa, an jona, ya danna salo. Sai ga kiɗa siriri kamar daga cikin gwangwani, bes ya ɓace, babbar ganga ta ɓace, sai 'yan kacau-kacau a gefe. Ya waiga wajen dattijon da ke kan miksa.

"Baba, don Allah a ƙara min bes, kun kashe min kiɗa."

"Yaro, na ƙure shi. Abin da fiyanonka ya ba ni ke nan."

Dukkansu gaskiya suka faɗa. Da aka zare wayar aka duba bakinta, jak ne mai zobe biyu baƙaƙe a kowane ɓangare. Ga abin da ke faruwa. Jak mai zobe ɗaya hanya guda yake ɗauka. Mai zobe biyu hanya biyu yake ɗauka, amma fiyano da miksa ba fassara ɗaya suke yi wa hanyoyin ba. Fiyano ya ɗora hagu a ɗaya, dama a ɗaya. Ita kuwa miksa, a raminta na LINE, an gina ta ne ta ɗebe abin da ke hanya ta biyu daga abin da ke ta farko, don ta kashe hayaniyar da waya ta kwaso. To duk sautin da yake daidai wa daida a hagu da dama, kamar bes da babbar ganga da jagoran kiɗa, sai ta ɗauke shi a matsayin hayaniya ta shafe shi. Maganin ɗan kebul ne mai reshe biyu: kai ɗaya mai zobe biyu a fiyano, kawuna biyu masu zobe ɗai-ɗai a layi biyu na miksa. Wani yaro ya hau acaɓa ya ɗauko shi, kafin amarya ta iso kiɗa ya dawo da cikarsa.

Sai a tuna kuma, da zarar an soka waya a ramin PHONES, yawanci sifikun jikin fiyanon sukan yi shiru. Makaɗi zai daina jin kansa, sai abin da ya dawo masa daga bangon zaure a makare. Shi ya sa yake buƙatar 'yar sifika a gabansa tana kallonsa. Makaɗin da ba ya jin kansa zai yi ta ƙara murya, mai miksa yana ragewa, haka za su yi ta ja-in-ja har a tashi.

Daidaita ƙarfin kuwa ba wuya. Makaɗi ya ajiye muryar fiyanonsa a wajen kashi biyu cikin uku, ya buga da iyakar ƙarfin da zai buga idan biki ya yi zafi, mai miksa ya murɗa GAIN, wato abin daidaita ƙarfin sautin da ke shigowa, a hankali har jar fitila ta fara ƙyaftawa, sannan ya ɗan koma baya. Daga nan makaɗi ya cire hannunsa daga wajen. Jar fitilar da ta tsaya a kunne alama ce sautin na tsagewa, kuma tsagaggen sauti shi ne ke ƙona ƙananan sifikun nan masu fitar da siririyar murya, ko da amfilifayar ba babba ba ce.

Masu yaɗa ibada ko biki kai tsaye a Facebook da TikTok su ma suna faɗawa wannan ramin. Kafar wayar hannu ta makirfo ce, jak ɗinta zobe uku gare shi, kuma ba ta jure ƙarfin da ke fitowa daga miksa. Shi ya sa a zaure sauti ras, a waya kuwa kamar ana yaga takarda. Ana buƙatar kebul mai rage ƙarfi, ko ɗan akwatin sauti na USB da ake jonawa da wayar.

Ƙugin nan daga ina yake zuwa?

Ƙugin da ba ya tsayawa ko an ɗaga hannu daga fiyano, muryar wutar lantarki ce da kanta. Wutar Najeriya tana kai-komo sau 50 a sakan ɗaya, kuma wannan kaɗawar kunne na jin ta a matsayin sauti mai kauri, dab da maɓallin G na can ƙasan fiyano. Ta hanya biyu take kutsowa.

Ta farko tsawon waya. Wayar jak mai zobe ɗaya tana aiki kamar eriya, duk abin da ta gifta sai ta kwasa: wayar janareto, cajar waya, fitilun ado masu walƙiya. Mita uku zuwa biyar ba damuwa. Amma a majami'un da miksa ke can baya, fiyano kuma yana gaba kusa da mawaƙa, sai ka ga an ja irin wannan waya mita ashirin, wani lokacin an ɗaure biyu da salatif. Wani kuskuren kuma shi ne amfani da wayar sifika a madadin ta fiyano, tun da kawunansu iri ɗaya ne. Ta fiyano tana da saƙar ƙarfe da ta lulluɓe zaren cikinta don kare shi, ta sifika ba ta da wannan rigar.

Ta biyu ita ce a jona fiyano a soket ɗin wannan bango, miksa a na wancan, ko ɗaya a wutar gari ɗaya a janareto. Wayar ƙasa ta ɓangarorin biyu, wadda masu aikin wuta ke kira atin, ba lallai ta zo daidai ba. Wannan ɗan bambancin sai ya nemi hanya, ya bi ta wayar sauti, ya fito a sifika. Laftof da ke kan caji yakan ƙara dagula lamarin. Gwada zare cajar, idan ƙugin ya ɗauke, ka kama ɓarawon.

Duka biyun maganinsu ɗaya, wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, ana kiransa DI. Gajeriyar waya daga fiyano zuwa cikinsa, daga shi kuma kebul irin na makirfo mai haƙora uku zuwa miksa, komai nisa. Yana rage ƙarfin sautin ya dace da ramin makirfo, yana mai da shi irin wanda miksa ke iya tace wa hayaniya, kuma yana da makunni da aka rubuta GROUND LIFT wanda ke yanke waccan ɓarauniyar hanya. Akwai ƙarin amfani da ba a cika faɗa ba. Miksoci da yawa suna tura bolt 48 ta ramukan makirfo don ciyar da wasu nau'in makirfo, kuma a ƙananan miksoci makunni ɗaya ne ke kunna shi a dukkan layuka. Wanda ya jona fiyano da ramin makirfo ta kebul ɗin da aka yi wa dabara, jak a nan haƙora uku a can, yana iya aika wannan wutar cikin fiyanonsa. DI na tsaya masa a tsakani.

A ra'ayina, duk cocin ko ƙungiyar kiɗan da ta iya sayen fiyano, ba ta da uzurin rashin wannan akwati, don kuɗinsa bai kai ko kusa da na fiyano ba.

Abin da nake roƙo a daina shi ne karya haƙori na uku na fulogi, ko yanke wayar ƙasa, don a kashe ƙugi. Na sani yana aiki, shi ya sa ake yi. Amma wannan haƙorin shi ne ke kwashe wuta ya kai ta ƙasa ranar da wata waya ta saki a cikin amfilifaya. Idan babu shi, wutar za ta zauna a jikin ƙarfen na'ura, ta bi kebul har makirfon da ke bakin mawaƙiya. A damunar Jos, da danshi a ƙasa da mutane tsaye ba takalmi a wasu wuraren, wannan wasa da rai ne.

MIDI: saƙo ne ake aikawa

Mu koma ga yaron situdiyo da kebul ɗinsa na USB.

Kafin 1983, fiyanon lantarki na wani kamfani ba ya jin yaren na wani. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka, da Ikutaro Kakehashi wanda ya kafa Roland a Japan, su ne suka jagoranci samar da yare guda. A watan Janairun 1983, a bajekolin kayan kiɗa na NAMM a Amurka, aka jona Prophet-600 na Sequential da Jupiter-6 na Roland, aka danna ɗaya, ɗayan ya amsa. A 2013 aka ba mutanen biyu kyautar Grammy ta fasaha saboda wannan aiki. Yaren shi ne MIDI, kuma har yau fiyanon da aka ƙera a wancan zamanin yana iya magana da kwamfutar bana.

Abin da ke bin wayar MIDI bayani ne kawai: an danna maɓalli mai lamba kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi. Maɓallin C na tsakiya lamba 60 ne. Ƙarfin dannawa ana auna shi daga 0 zuwa 127. Kamar marubucin da ke zaune gefen makaɗi yana rubuta duk motsin yatsunsa, amma bai ɗauki ko ɗigon sauti ba. Wanda ya karɓi takardar shi zai buga da kayan kiɗan da ke hannunsa. Don haka idan FL Studio ko Cubase ta karɓi saƙon, muryar da za ka ji ta manhajar da ka buɗe ce a kwamfuta. Muryar nan ta sarewa da kake so a cikin Yamaha ɗinka tana nan a cikin Yamaha. Idan ita kake so a waƙar, sai ka fitar da ita ta OUTPUT zuwa akwatin sauti na situdiyo, wanda aka fi sani da sawunkad. Wasu sababbin fiyanoni, irin PSR-E373 da PSR-E473, suna iya tura sauti da MIDI tare ta USB guda, amma tsofaffi da dama da ke yawo a kasuwar gwanjo MIDI kaɗai suke turawa.

Kar a ɗauka wannan nakasu ne. A nan alfanun yake. Mawaƙi ya zo da safe murya ta dishe saboda sanyin Jos, ya ce a sauke masa kiɗan, da MIDI dannawa biyu ce. Yatsa ya zame a baiti na uku, sai a ja sautin a mai da shi wurinsa. An buga da sarewa, furodusa ya ce gurmi yake so, sai a canza murya ba tare da an sake bugawa ba. Waya ɗaya tana ɗaukar tashoshi 16, kowace da nata kayan kiɗan. A tsarin General MIDI na 1991 an jera muryoyi 128 da lambobinsu, aka keɓe tasha ta 10 don ganguna, shi ya sa idan ka yi kuskuren tura kiɗanka ta tasha ta 10 sai ka ji kowane maɓalli na buga ganga. A cikin jerin nan akwai sitar na Indiya, akwai koto na Japan, akwai kalimba, amma babu kalangu, babu goge, babu kukuma. Sau tari kalangun da kake ji a waƙoƙinmu na situdiyo, wani ne ya ɗauki sautinsa ya loda a fiyano ko a kwamfuta, makaɗi kuma ya riƙa lanƙwasa shi da 'yar tayar nan ta gefen hagu don ya kwaikwayi matsar tsirkiya a hammata. Wannan aiki ne na basira da ya kamata a riƙa yaba wa masu yinsa.

Wajen jonawa, ƙa'idar tsohuwar wayar MIDI mai zagayayyen kai da haƙora biyar ita ce OUT na wannan ya shiga IN na wancan. OUT da OUT kamar mutum biyu ne suna magana babu mai saurare. Kada tsawonta ya wuce mita 15. Tana da wata falala a kan USB: an tsara ramin IN ɗinta yadda saƙon ke tsallakawa ta haske a ciki, ba ta haɗuwar ƙarfe ba, don haka ba ta ɗauko ƙugi daga wata na'ura zuwa wata. Na USB kuwa kebul irin na firinta ne, a sa shi a USB TO HOST, kuma Yamaha da kanta tana cewa kar ya kai mita 3.

Idan ka ji kowane sauti na fita biyu-biyu, ko yana wani amo kamar daga cikin bututu, fiyanon ne ke buga abin da ka danna, kwamfuta kuma ta maido masa saƙon ya sake bugawa. Nemi LOCAL CONTROL ka kashe. Amma ka tuna ka kunna shi kafin ka fita aiki, don wani fiyanon in aka bar shi a haka zai yi gum a wajen biki, maɓallai na motsi ba sauti, har a ɗauka ya mutu.

Jinkirin da ke tsakanin yatsa da kunne

Ƙorafi na gaba a situdiyo shi ne a danna maɓalli sauti ya zo a makare. MIDI ba shi ne ke jinkirin ba. Kwamfuta ce ke tara sautin a ɗan rumbu kafin ta sake shi, kuma girman rumbun ana iya canza shi a saitin sauti. A ma'aunin da aka saba, gutsure 44,100 a sakan, rumbu mai 1024 yana cin wajen kashi 23 cikin dubu na sakan, wanda yatsun makaɗi ke ji sarai. Mai 128 bai kai kashi 3 ba. A rage shi lokacin bugawa, a ƙara shi lokacin tace waƙa idan kwamfuta ta fara shaƙewa. A Windows kuma a zaɓi direban ASIO na sawunkad ɗin, wato 'yar manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta. Abin sauraro na Bluetooth kuwa a ajiye shi gefe, nasa jinkirin ya fi duk waɗannan.

Wuta: inda fiyano ke mutuwa da gaske

Duk abin da na lissafa a sama ɓata rai yake yi, ba ya kashe fiyano sai nadiran. Mai kashewa adafta ce da wuta.

Fiyanon gwanjo sau da yawa yakan zo ba adaftarsa, sai mai shago ya laluba kwali ya ɗauko wadda bakinta ya shiga. Shigar baki ba ita ce dacewa ba. Abu uku ake dubawa a rubutun da ke jikinta da wanda ke kusa da DC IN. Yawan bolt dole ya zo daidai: ƙananan Yamaha 12 suke ci, manyan PSR-S 16, tsofaffin ƙananan Casio da yawa 9. Amfiya kuwa, wato yawan wutar da ke gudana, in ta adaftar ta fi abin da fiyano ke buƙata ba laifi, in ta gaza ne fiyano zai riƙa ɗaukewa idan kiɗa ya yi nauyi. Na ukun shi ne ɗan zanen nan mai alamar tarawa da ta ɗebewa, wanda ke nuna wace ce a tsakiyar baki. Yamaha tarawa ce a tsakiya. Tsofaffin Casio masu bolt 9 da kayan Roland da dama ɗebewa ce a tsakiya. A juya su, allon ciki na iya ƙonewa kafin ka ƙifta ido.

Sai kuma ɓangaren da ke shiga bango. Wutarmu bolt 230 ce. Kayan da aka yi don Amurka 120 suke ci, na cikin gidan Japan 100. Adaftar da aka rubuta wa 100-240V tana cin kowace. Wadda aka rubuta wa 120V kaɗai, in ta shiga soket ɗinmu ba na'urar rage wuta, hayaƙi za ta yi.

Janareto na da nasa ladabin. A tayar da shi, a bar shi ya daidaita, sannan a kunna kaya. Ba a kashe shi kaya na kunne, kuma a sa ido kan mai, don lokacin da inji ke shure-shuren ƙarewar mai wutar hawa da sauka take yi. Haka idan an maido da wutar gari, a ɗan jinkirta kafin a juya. Sitabilaiza na taimakawa, ƙaramin UPS, mai riƙe wuta da batir in an ɗauke, ya fi ga fiyano da laftof, don manyan fiyanoni sukan ɗauki lokaci kafin su gama tashi, kuma ba abin da ya fi tsinka zaren biki kamar jiran wannan. Masu sola su lura, inbata mai arha da ba ta fitar da wuta mai santsi tana sa kayan sauti zuzuniya. Idan hadari ya haɗo da tsawa irin ta Filato, kashe makunni bai isa ba, a zare fulogi.

Jerin kunnawa: fiyano, miksa, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa amfilifaya ce farko. Dalili shi ne ƙarar "ɗum" da na'ura ke yi lokacin tashi ko mutuwa, in amfilifaya na kunne za ta ninka ta ta watsa wa sifika. Feda kuma a jona ta kafin a kunna, kar a taka ta lokacin kunnawa, in ba haka ba wasu fiyanonin za su karanta ta a juye, sauti ya riƙa ja in ka ɗaga ƙafa, ya yanke in ka taka.

Kafin kwamiti ya tara kuɗi

Kowane ɓangare a gardamar nan yana da abin kamawa. Makaɗi ya san muryar fiyanonsa, in ya ce ba haka take ba a saurare shi. Mai miksa ba zai iya ƙara abin da bai iso gare shi ba. Masu shagunan Terminus da titin Ahmadu Bello kuwa abin da aka tambaya suke miƙawa, kuma mai saye yakan ce "wayar fiyano" ne kawai, bai faɗi zobe nawa ba, bai faɗi inda za ta shiga ba. Wanda ke ɗaukar asarar shi ne wanda bai san komai a kai ba: matan zumunta da suka yi adashi don sayen sabon fiyano alhali tsohon kebul yake nema, da matashin da ya sayar da fiyano mai kyau da araha don an ce masa ba ya shiga kwamfuta.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A zare duk wata waya daga bayan fiyano in ban da ta wuta, a sa abin sauraro na kunne, a bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa har sama, a hankali sannan da ƙarfi. Idan sautin ya fito tas, fiyano ya kuɓuta, sai a riƙa maido da wayoyin ɗai-ɗai ana saurare har a kai ga wadda ƙugi ya biyo.

Idan kuwa a wannan gwajin aka ji wani maɓalli guda na tsawa komai sanyin taɓawa, ko ya yi shiru gaba ɗaya, to nan fiyanon ne, amma ko shi ba na yarwa ba ne. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan roba mai ƙafa biyu, ɗaya na riga ɗaya sauka, kuma daga tazarar lokacin da ke tsakaninsu fiyano ke gane ƙarfin bugunka. Ƙurar hunturu in ta shiga ƙarƙashin ɗaya, lissafin ya rikice, sai ya ɗauka kullum da iyakar ƙarfi ka buga. Mai gyara zai buɗe, ya goge wurin, ko ya canza layin robar. Daga ranar a samo masa mayafi, ko tsohon zani ne, a riƙa lulluɓe shi duk lokacin da aka tashi daga kansa.